Yadda Za Ka Samo Kwamfutar da Ta Dace da Ƙarfinka a Wasan Chess

Wanda ya fara koyon chess yakan ruga wurin kwamfuta tun kafin ya yarda ya zauna gaban mutum, kuma yana da hujjarsa. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta yi maka dariya idan ka bar dokinka a baki, ba ta ce maka ka yi sauri. Sai dai ba a jimawa murna take komawa ciki. Idan ka zaɓi matakin ƙasa, sai ta dinga zubar da 'ya'yanta babu gaira babu dalili, ka ci wasan amma ba ka ji daɗin cin ba. Ka ɗaga mataki ɗaya ko biyu, sai ta gama da kai kafin taku na 25, kai kuwa ba ka ma san ta inda aka shigo maka ba. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa wasan ba nasu ba ne.

Laifin ba na mai koyo ba ne. Samun abokin karawa na kwamfuta wanda ya dace aiki ne da ake yi da tsari, kuma lambar da aka rubuta a gefen sunansa ita ce mafi ƙarancin abin dogaro a cikin lamarin. Abin da kake nema shi ne wanda zai ci ka kusan rabin lokaci, kuma in ya ci ka, za ka iya nuna takun da ya jawo maka.

Ka fara sanin yadda ake rage wa inji ƙarfi

Tun 1997, lokacin da Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov a New York da maki 3½ da 2½, aka daina tambayar ko na'ura za ta iya da mutum. Yau Stockfish, injin chess (wato manhajar da ke lissafa taku) da kowa zai iya sauke shi kyauta, an ƙiyasta ƙarfinsa sama da maki 3500 a jerin gwajin injuna, alhali makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa mafi girma shi ne 2882, na Magnus Carlsen a 2014. Ma'aunin biyu ba ɗaya ba ne daidai, amma tazarar ta isa ta nuna maka halin da ake ciki. Saboda haka matsalar masu ƙera manhaja ta juye. Yanzu abin da ke ba su wuya shi ne sa inji ya yi rauni irin na mutum.

Hanyoyi uku ne aka fi bi, kuma kowace tana haifar da abokin wasa mai halinsa daban.

Ta farko ita ce a taƙaita masa hangen nesa. A ce masa kada ya duba fiye da taku ɗaya ko biyu a gaba. Irin wannan ba shi da wani shiri mai tsawo, kuma idan wasa ya zo ƙarshe yakan yi ta yawo da sarkinsa ba kai ba gindi. Amma cikin ɗan abin da yake gani ba ya kuskure ko sau ɗaya. Ka bar ɗa ba mai tsaro, ya cinye. Ka bar gidan da doki zai dira ya kama sarki da sarauniya lokaci guda, ya dira. Shi kuwa sabon ɗan wasa duk asararsa a irin waɗannan wuraren take, don haka injin da ake kira mai rauni sai ya zame masa dodo.

Ta biyu ita ce kuskuren gangan. Stockfish yana da saiti mai suna Skill Level, daga 0 zuwa 20. Idan aka rage lambar, injin yakan jera 'yan takun da ya ga sun fi kyau, sannan ya yi wata irin ƙuri'a da ke ba taku mai rauni damar fitowa. Sakamakon shi ne wasa mai ban haushi: taku goma masu kyau a jere, na goma sha ɗaya kuma kyauta ce da babu mutumin da zai yi ta. Kamar babba ne yake kokawa da yaro, ya riƙe shi gam, can kuma ya faɗi da kansa ba tare da an taɗe shi ba. Yaron ya yi nasara, amma bai koyi yadda ake kayarwa ba.

Ta uku ita ce a koya wa injin wasa daga wasannin mutane, ba daga neman takun da ya fi kowane ba. Fitacciya a wannan fanni ita ce Maia, wadda masu bincike daga Jami'ar Toronto da Jami'ar Cornell da Microsoft Research suka fitar a 2020. An ciyar da ita miliyoyin wasannin da mutane suka buga a Lichess, wani shafin wasan chess na intanet, aka raba ta kashi tara daga matakin 1100 zuwa 1900, kowane kashi yana ƙoƙarin hasashen abin da ɗan wasa na wannan matakin zai taka. Tana dacewa da takun mutum fiye da rabin lokaci. Kuskurenta yana da dalili: kwaɗayin cin soja, mantawa da bishof da ke leƙowa daga can ƙuryar allo, barin layin baya ba kowa. Irin kuskuren da za ka tarar ke nan ranar da ka zauna da mutum, kuma gano shi da hukunta shi su ne rabin wasan mai koyo.

Idan ka riƙe waɗannan ukun, za ka daina mamakin abin da kwamfuta take yi maka.

Mataki na 1: Ka auna kanka ba tare da son kai ba

Kalmar mai koyo tana ɗauke da mutane iri-iri. Ka duba inda ka faɗa.

Idan har yanzu kana tsayawa ka tuna yadda doki yake tsalle, ko ba ka tabbatar da sharuɗɗan musayar wuri tsakanin sarki da hasumiya ba, kana matakin farko. Mafi raunin abokin wasa da ka samu shi ne naka, kuma kada ka ji kunyar hakan.

Idan ka san dokoki sarai, ka san darajar 'ya'ya, wato soja 1, doki da bishof 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9, amma kusan kowane wasa sai ka bar ɗa an ci a banza, kana mataki na biyu. Yawancin masu neman irin wannan jagorar a nan suke.

Idan ba ka cika zubar da ɗa haka kawai ba, sai dai a haɗa maka tarko na taku biyu ko uku, kuma za ka iya ƙure sarki da hasumiya ɗaya ba tare da kame-kame ba, ka kai mataki na uku. Kai ne Maia za ta fi yi wa amfani.

Game da lambobi kuwa, a yi hattara. Tsarin maki na Arpad Elo, wanda hukumar chess ta duniya FIDE ta karɓa a 1970, yana auna ka ne da mutanen da kake bugawa da su, ba da wani ma'auni na dindindin ba. Lichess tana fara sabon mai rajista daga 1500, sannan makin ya yi ta sauka ko hawa har ya zauna, shi ya sa makin mutum ɗaya a Lichess yakan fi nasa na Chess.com yawa, musamman a matakan ƙasa. Lambar da aka liƙa wa 'yan wasan kwamfuta kuma ƙiyasi ce kawai. Mutane da yawa suna doke na 1000 ko 1200 a Chess.com, su shiga wasa da mutane su ga makinsu ya tsaya ƙasa da haka nesa. Ka ɗauki lambar a matsayin jerin gwano, wane ya fi wane a cikin gida ɗaya, ba shaidar ƙarfinka ba.

Mataki na 2: Ka zaɓi gida ɗaya ka zauna

Chess.com ita ce ta fi sauƙi ga wanda yake matakin farko. Tana da 'yan wasan kwamfuta masu suna da fuska, waɗanda ake kira bot, kuma tsaninsu yana farawa daga ƙasa ƙwarai. Martin, mai lamba 250, shi ne wanda kowa ya sani. Yana barin 'ya'yansa a ci, yana ƙyale naka ko da ka ajiye masa a baki. Can sama akwai Nelson, mai 1300, wanda ya yi suna da fito da sarauniya tun farkon wasa yana kai hari da ita. Tsakaninsu akwai matakai da dama, kuma wannan yawan matakan shi ne babban amfanin shafin. Wasu daga cikin bot ɗin sai mai biyan kuɗi, amma na kyauta sun ishe ka farawa.

Lichess, wadda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ce gaba ɗayanta, babu talla. Kwamfutarta tana da matakai takwas. Matsalar ita ce takwas sun yi kaɗan ga tazarar da ke tsakanin sabon shiga da injin da ya fi zakaran duniya, don haka tsakanin mataki da mataki akwai rami. Mai koyo yakan ga yana cin na 1 da na 2 cikin sauƙi, na 3 ko na 4 kuma ya zame masa bango. Amma a Lichess ɗin ne Maia take, da sunaye uku: maia1, maia5 da maia9. Ka nemi sunan a akwatin bincike ka ƙalubalance ta kamar yadda za ka ƙalubalanci mutum.

Akwai wani abu game da maia1 da ya kamata a faɗa. An koya mata wasa daga 'yan matakin 1100, amma tana wasa fiye da hakan. Dalili kuwa shi ne a kowane hali tana zaɓar takun da mafi yawansu za su yi, kuma jama'a idan aka haɗa ra'ayinsu sun fi ɗaiɗaikunsu hankali. Kowane ɗan 1100 yana da ranar da zai yi wani mugun kuskure nasa shi kaɗai, amma ba safai yawancinsu suke haɗuwa a kan kuskure ɗaya ba. Don haka idan kana mataki na biyu kuma maia1 tana ta cin ka, babu abin mamaki. Ka ajiye ta zuwa gaba.

Ga mai son wasa ba tare da intanet ba a kwamfutar tebur, Lucas Chess manhaja ce ta kyauta da ke zuwa da injuna masu yawa, har da waɗanda aka yi musamman don yara, masu rauni na gaske. Fuskarta tana da cunkoso, sai ka yi haƙuri da ita kwana biyu. Shredder kuma, na Bajamushe Stefan Meyer-Kahlen, yana iya daidaita ƙarfinsa da kansa gwargwadon yadda kake ci ko faɗuwa. Haka ma wasu allunan lantarki da ake taɓa 'ya'yansu da hannu, irin su DGT Centaur, an gina su a kan wannan dabarar. Ina ganin allon lantarki ba abin da sabon shiga zai fara kashe kuɗi a kai ba ne, sai ya tabbatar wasan ya kama shi.

Gargaɗi ɗaya. Idan ka sauke Stockfish tsurarsa ka sa a wata manhaja, ka sani saitin da ake rage masa ƙarfi da shi, mai suna UCI_Elo, a sababbin fitowa ba ya sauka ƙasa da 1320, kuma 1320 ɗin nan na ma'aunin injuna ne. Ya fi ƙarfin mai matakin farko da na biyu. Ka riƙe shi don nazarin wasa, ba don karawa ba.

Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa na ɗan lokaci. Mai tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan ba zai taɓa sanin ko yana ci gaba ba, domin kowace da ma'auninta.

Mataki na 3: Gwajin wasa goma

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ka zaɓi abokin wasan da kake zaton ya yi daidai da kai, ko ma wanda ya ɗan gaza, ka buga wasa goma da shi, biyar da farare biyar da baƙaƙe. Ba a rana ɗaya ba. Biyu ko uku a zama ɗaya sun isa, domin bayan haka gajiya ce take wasa ba kai ba.

Sharuɗɗan gwajin ba su da yawa, amma idan ka karya ɗaya sakamakon ya lalace. Babu mayar da taku. Babu neman shawarar kwamfuta. A kashe sandar nan da ke gefen allo mai nuna wanda yake gaba. Kuma kowane wasa a kai shi ƙarshe, ko ka ga ka yi asarar sarauniya, domin injunan ƙananan matakai sukan mayar da abin da suka ci, kuma sanin hakan yana cikin abin da kake aunawa.

Ka rubuta sakamako: ci maki 1, kunnen doki rabi, faɗuwa sifili. Sannan ka haɗa.

Lissafin Elo yana ba mu hanyar fassara abin da ya fito. Wanda ya fi abokinsa da maki 100 ana sa ran zai kwashi kashi 64 cikin ɗari na makin wasanninsu. Idan tazarar 200 ce, kashi 76. Idan 400 ce, kashi 91. Saboda haka idan ka samu 8 ko fiye cikin 10, abokin nan ya gaza ka da sama da maki 200, ka hau gaba. Idan ka samu 2 ko ƙasa da haka, ya fi ka da kwatankwacin hakan, ka sauko. Tsakanin 3 da 7 kuwa ka samu wurin zama.

Wasa goma ba su da yawa, kuma sa'a tana da hannu a ciki. Wanda ya samu 7 yau zai iya samun 5 a goman gaba ba tare da wani abu ya canza ba. Don haka kada ka ɗauki 4 da 6 a matsayin abubuwa biyu mabambanta. Gwajin yana raba fari da baƙi ne kawai: ya yi sauƙi ƙwarai, ya yi wuya ƙwarai, ko yana tsakiya.

A cikin tsakiyar nan, ni na fi son mai koyo ya karkata ga wanda yake ba shi 4 a kan wanda yake ba shi 7. Amma wannan ya danganta da zuciyar mutum. Akwai wanda faɗuwa uku a jere take sa shi rufe manhaja ya yi wata bai buɗe ba. Irin wannan gara ya zauna inda yake samun 6, domin wasan da ake bugawa ya fi wanda aka yi fushi aka bari.

Mataki na 4: Ka duba yadda ake cin, ba yawansa kaɗai ba

Abokan wasa biyu za su iya ba ka 5 cikin 10, ɗaya ya amfane ka ɗaya ya ɓata maka lokaci. Ga yadda za ka bambance.

Ka ɗauki wasannin da ka ci, ka tambayi kanka: ni na ƙirƙiro nasarar ko ba ni aka yi? Idan a yawancinsu abin da ya faru shi ne injin ya tura sarauniyarsa inda sojanka zai ci ta ba tare da ka matsa masa ba, to ba ka koyon kai hari, jira kake koyo. Wannan ɗabi'a ce mai cutarwa, domin mutum mai ɗan ƙwarewa ba zai ba ka irin wannan kyautar ba, kai kuma ka saba zama kana jiranta. Amma idan ka ci ne don ka kai wa ɗa hari da 'ya'ya biyu alhali mai tsaronsa ɗaya ne, ko ka danne dokinsa a gaban sarki ya kasa motsi sannan ka cinye, wannan ci ne na gaske ko da abokin mai rauni ne.

Sai wasannin da ka faɗi. Kafin ka kunna nazarin kwamfuta, ka bi wasan da kanka daga farko, ka nemi takun da kake ganin a nan abin ya lalace. Bayan haka ka kunna. Lichess da Chess.com duka suna yi wa taku alama, inda alamar tambaya biyu take nufin mugun kuskure. Idan wurin da ka nuna shi ne wurin da kwamfuta ta nuna, ko kusa da shi, abokin nan ya dace da kai, domin yana cin ka da abin da idonka zai iya gani. Idan kuwa nazarin ya nuna babu wani babban kuskure guda, an dai yi ta matse ka a hankali har numfashi ya ƙare, kuma ko an nuna maka takun da ya fi ba ka gane dalilinsa ba, to ya fi ƙarfinka ko da kana samun kunnen doki jefi-jefi.

A wurin nazari, kada ka bi kowace ƙaramar alama. Injin zai ce maka wani taku ya rage maka kashi uku cikin goma na darajar soja. Wannan ba damuwarka ba ce yanzu. Kuskure ɗaya mafi girma a kowane wasa, shi za ka ɗauka, ka fahimce shi, ka wuce. Idan ka tara goma irinsu za ka ga suna maimaita kansu, wataƙila doki ne kullum yake shammatarka, ko kuwa kana mantawa da duba abin da takun abokin ya buɗe.

Bot masu hali na musamman suna da amfani a nan. Wanda yake fito da sarauniya da wuri zai koya maka darasin da za ka buƙata a makonka na farko da mutane, domin sababbin 'yan wasa suna son tarkon nan na taku huɗu (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa): soja zuwa e4, sarauniya zuwa h5, bishof zuwa c4, sannan a ci sojan f7 a ƙure sarki. Maganinsa ba wuya. Idan sarauniya ta zo h5, ka fito da doki zuwa c6 ya tsare sojan e5. Bishof ya zo c4, ka tura soja g6 ka kore ta. Ta koma f3 tana sake leƙen f7, ka sa ɗaya dokin a f6 ya toshe hanya. Daga nan kai ne kake fito da 'ya'yanka, ita kuma tana ta gudu.

Mataki na 5: Saitin wasan yau da kullum

Bayan gwaji ya wuce, za ka iya sassauta wasu sharuɗɗan, amma da lura.

Lokaci: ko dai babu agogo, ko minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Kwamfuta tana amsawa nan take, kuma wannan yana jan mutum ya dinga amsawa da irin saurinta ba tare da ya sani ba. Ka ɗora wa kanka doka, kafin kowane taku ka tambayi abu biyu: me takunsa na ƙarshe yake nufi, kuma gidan da zan sauka akwai mai iya ci na a can? Wannan kaɗai yana rage asarar mai mataki na biyu fiye da duk wata haddar buɗe wasa.

Mayar da taku: idan yatsa ne ya zame, ka mayar. Idan ba ka gani ba ne, ka bar shi ka sha hukuncin. Wanda ya saba da mayarwa yana cire wa kansa abin da ke sa ido ya buɗe.

Shawarar kwamfuta a tsakiyar wasa: ka bar ta a kashe. Kuma kada ka taɓa buɗe inji a gefe kana wasa da mutum a intanet. Maguɗi ne, shafukan suna gano shi, kuma rufe asusu ne hukuncinsa.

Mataki na 6: Idan ka faɗa rami tsakanin matakai biyu

Wannan yana faruwa sosai, musamman a Lichess. Na ƙasa kana cin sa 9 cikin 10, na sama yana cin ka 9 cikin 10. Akwai mafita fiye da ɗaya.

Mafi tsufa ita ce fifikon ɗa, wadda 'yan wasa suke yi tun ƙarnukan baya, mai ƙarfi ya cire ɗa ɗaya daga nasa kafin a fara. A Lichess akwai wurin jera allo yadda kake so, sannan ka ce kwamfuta ta buga daga nan. Ka ɗauki matakin da ya fi ka, ka cire masa sarauniya. Idan kana ci, ka mayar masa da ita ka cire hasumiya, daga baya doki. Amfanin wannan shi ne injin yana wasa mai ma'ana, ba ya yin kyautar gangan sosai, kai kuma kana koyon abin da masu koyo suka fi rasawa, wato yadda ake riƙe rinjaye har a kai shi ga nasara. Dabarar ita ce musaya: idan kana gaba da ɗa, ka yi ta musayar 'ya'ya daidai da daidai, domin hasumiya ɗaya ta ƙari ta fi tasiri a allon da ya yi fili.

Ta biyu ita ce ka juya abin, ka koma wa na ƙasa amma kai ka cire naka dokin. Tana aiki, sai dai ba ta kai ta farko ba, tunda har yanzu kyautarsa kake jira.

Ta uku, ka bar cikakken wasa ka koma ƙarshensa. A nan ne injin mai cikakken ƙarfi yake da amfani ga sabon shiga. Ka jera sarkinka da sarauniya, shi kuma sarki kaɗai, ka ɗaga shi zuwa matakin ƙoli, ka ƙure shi. Da wasa mara kuskure ba ya wuce taku 10 daga kowane hali. Da hasumiya kuma ba ya wuce 16. Ba a ce sai ka kai wannan ba, amma dokar wasa ta ba da damar neman kunnen doki idan aka yi taku 50 ba a ci ɗa ba kuma ba a motsa soja ba, don haka dole ka gama kafin nan. Ka kuma kiyayi rufe sarkin ta yadda ba shi da inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba, domin wannan ma kunnen doki ne, kuma shi ne abin da ya fi ƙona ran mai koyo. Bayan waɗannan sai sarki da soja ɗaya a kan sarki.

Mataki na 7: Hawa gaba, da shigar da mutane cikin lissafi

Duk bayan makonni kaɗan ka sake gwajin goma da cikakkun sharuɗɗansa. Ka kai 8, ka hau mataki ɗaya, ba biyu ba. Idan sabon matakin ya ba ka 3, ka zauna a nan, haka ake farawa. Idan ya ba ka 1 ko sifili, ka koma dabarar fifikon ɗa.

Akwai wata alama da za ka kula da ita. Idan ka lura kana cin wani bot ne da hanya ɗaya tak, buɗewa iri ɗaya, tarko iri ɗaya da yake faɗawa kullum, to ka haddace shi ne, ba ka fi shi ba. Ka canza takunka na farko, daga e4 zuwa d4 misali, ka ga ko cin zai ci gaba. In bai ci gaba ba, makin da ka samu ba na gaskiya ba ne, sai a sake gwaji.

Da zarar kana iya kammala wasa ba tare da tambayar doka ba, ka fara sa wasa da mutane a cikin makonka, ko da ɗaya ne cikin uku. Shafukan nan suna haɗa ka da wanda makinsa ya yi kusa da naka, kuma bayan wasanni kaɗan na farko, waɗanda za su iya zama masu zafi kafin makinka ya zauna, za ka dinga samun kusan rabi da rabi ba tare da ka taɓa wani saiti ba. Makin da ka samu a can shi ne zai gaya maka wane bot za ka nema idan ka dawo wurin kwamfuta. A Chess.com ka fara gwada wanda lambarsa ta ɗara makinka da ɗari biyu ko uku, a Lichess kuma idan makinka na wasa mai tsawon lokaci ya doshi 1300, lokacin sake gwada maia1 ya yi.